Na Taɓa Littattafan Baba

Yaya Illo,

Na wuce Birnin Kebbi, motar goro ba za ta jira ka dawo daga gona ba. An kira ni! Gobe za a gwada masu neman aikin kula da ɗakin karatu, wanda za a buɗe bayan bikin 'yancin kai. Ni fa, Arzika! Har takalmi na saka a juye don murna.

Sai dai na yi ɓarna. An ce za a zube mana littattafai a ce mu jera. Da Baba ya tafi ta'aziyya garin Sharabi, sai na gwada hannuna da littattafanshi: fiƙihu gefe, nahawu gefe, waƙoƙi can sama. Wallahi sun yi kyau! Na manta idonshi ya yi rauni, da lalube yake gane kowanne a mazauninshi.

Don Allah kafin ɗalibai su zo karatun la'asar, ka miƙa mishi na fiƙihun, mai jar gafaka, yana kusa da taga.

In ya yi faɗa, ka ce mishi ya yi mini addu'a. In an ɗauke ni, wannan ɓarnar ita ce aikina kullum!

Ƙaninka,
Arzika