Man Girki a Kan Fiffiken Dodo

Litinin, 5 ga Mayu
Awa biyu da rabi ina tsaye a ƙofar asibitin ido. Sun ɗiga min magani, ko lambar mota ba na iya karantawa. Auta ce ta ce za ta ɗauke ni ƙarfe sha biyu. Sai biyu da rabi ta iso, wai mai kawo saƙo ne ya riƙe ta, ƙunshin dodonta ya zo. "Yi haƙuri Mama, wallahi na sha'afa." Ta sha'afa da uwarta. A mota na haɗiye fushina. Amma na rubuta a nan don kada zuciyata ta yi sanyi.

Talata, 6 ga Mayu
Mace mai shekara ashirin da bakwai, mai haɗa magani a kemis, mutane na gaishe ta da girma, ta dawo gida ta zauna tana manna 'yan gumaka. Wata irin roba ce mai tauri, rezin take ce mata. A gutsuttsure suke zuwa: kai daban, wutsiya daban, fuka-fuki daban. Ta goge da sanfefa, ta sa gam, ta ɗauki burushi kamar gashin ido ta yi ta fenti. Teburin cin abincina ya zama nata. Wannan sabon, dodo ne da wata mayaƙiya a wuyansa. Shi za ta kai baje kolin masu irin wannan shirme ranar 24.

Babansu cewa ya yi, "Ƙyale ta mana, ba yawo take ba." Shi dama haka yake. Da shi aka shanya a rana da mun ji.

Alhamis, 8 ga Mayu
Na same ta a kicin tana wanke gutsattsarin da sabulun kwanoni da tsohon burushin haƙori. Kofin shayinta ba ta taɓa wankewa haka ba. Na tambaya. Ta ce daga mazubi suke fitowa da maiƙo, in ba a wanke ba fenti ba ya kamawa, ɓarewa yake. Har da murnarta, wai na fara sha'awa.

Na ji. Na kuma riƙe.

Asabar, 10 ga Mayu
Ta tafi aikin safe. Ta shanya gutsattsarin a kan tawul. Na ɗiga man girki a auduga, na bi fuka-fukan biyu da bayan dodon, sannan na goge sama-sama yadda ba zai yi ƙyalli ba. Tarbiyya ce. Wanda bai san zafin ɓata masa rai ba, ba zai daina ɓata wa wasu ba.

Lahadi, 11 ga Mayu
Fentin ya tattare kamar ruwa a kan leda. Ta tsaya tana kallo. Na wuce da tsintsiyata.

Laraba, 14 ga Mayu
Ta kankare, ta sake wankewa, ta sake shanyawa. Ni ma na sake. Yau da ta taɓa fiffiken, fentin ya biyo yatsanta kamar ɓawon albasa. Ta kira mai sayarwa ta yi masa faɗa, ya rantse kayansa lafiya suke. Ta zubar da kwalbar fentin farko ta buɗe sabuwa.

Na ci abinci da kyau yau.

Juma'a, 16 ga Mayu
Karo na uku. Na yi niyyar tsayawa a na biyu, amma da safe ta fita ba ta tambayi yadda idona yake ba.

Lahadi, 18 ga Mayu
Ba ta yi faɗa da kowa ba wannan karon. Abin da ban shirya masa ba ke nan. Ina jin ta tana ce wa babanta, "Ba kayan ba ne, Baba, ni ce. Shekara shida ina yi, ashe ban iya ko wanki ba." Ya ce ta huta ta sake. Ta ce ta riga ta aika a cire sunanta daga baje kolin.

Ta kwashe komai ta zuba a kwali. Burusan da take jerawa kamar alluran likita, haka ta watsa su ciki. Ta kai sito. Ta goge min teburina tas, ta ce, "Ga shi nan Mama, kin huta."

To, na huta.

Talata, 20 ga Mayu
Teburin ya yi faɗi da yawa. Tana dawowa daga aiki ta gaishe ni da ladabi, ta shige ɗaki ta kwanta da waya. Da, in tana fenti, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ina yi mata tsawa. Ba kewar waƙar nake ba. Lura kawai na yi.

Ban yi laifi ba. Ita ta fara.

Laraba, 21 ga Mayu
Na fito da kwalin daga sito. Zafi ya yi yawa a can, kuma ni ba na son ɓarnar kaya, ko na shirme ne. Da ta dawo ta gan shi a kan tebur ta dube ni.

Na ce, "Ki kira mutanen nan su mayar da sunanki. Kwana uku ya ishe ki in kin daina kwanciya kamar mara lafiya."

"Mama, zai sake ɓarewa."

"Ba zai ɓare ba."

"Ta yaya kika sani?"

"Na ce miki ba zai ɓare ba."

Ta daɗe tana kallona. Yarinyar nan ba sakara ba ce, ni na haife ta. Na ga lokacin da ta gane. Na jira ta yi magana, na ma shirya amsata tun daga ƙofar asibiti. Ta ja kujera, ta buɗe kwalin, ta miƙo min fiffiken hagu.

"Riƙe nan. Kada ki motsa sai gam ya kama."

Ban nemi gafara ba, kuma ba zan nema ba. Uwa ce ni. Amma jan da ta zaɓa wa mayafin mayaƙiyar bai dace da koren dodon ba, na kuma faɗa mata. Ta ce gobe in zauna in zaɓa. Zan duba in ina da lokaci.