Surukina Ya Rage Shan Ruwa Saboda Banɗakinmu

Assalamu alaikum Anti Zulaihatu. Don Allah ki taimaka min. Abin da ke damuna ko ƙawata ban iya gaya wa ba, don da na buɗe baki dariya za a yi min. Maganar banɗaki ce.

Ina zaune a Giza ta ƙasar Masar da maigidana, yana karatun digiri na uku. Gidan da muke haya tsohon gini ne, hawa na huɗu, masai ɗin kuma irin na Ingila ne, mai tanki da mariƙi a gefe, wanda Misirawa ke kira sifon. Mai gidan, Madam Dalia, tana ji da shi, wai mahaifinta ne ya sa. Abin yana da hali. In ka danna a hankali sai ya yi ɗan gurnani ya yi shiru, ko ɗigo ba zai sauko ba. Ni sai da na yi wata biyu kafin hannuna ya saba, har yau kuma ban san dalili ba. Kwanan nan ma ya ƙara taurin kai, sai an danna sau uku ko huɗu.

Mako uku ke nan da surukina ya zo daga Gusau aka yi masa aikin tsakuwar ƙoda. Likita ya ce lallai ya riƙa shan ruwa sosai. Tun satin farko na lura in Baba ya shiga banɗakin yakan daɗe. Ina jin mariƙin yana motsi a hankali, sannan in ji yana cika buta yana zubawa, ya cika ya zuba. Ran nan aka ɗauke ruwa yana ciki. Ya fito bai kalli kowa ba, ni kuma na shiga na gyara. Na tabbata ya san ni ce.

Tun ranar bai sake shiga ba. Banɗakin masallacin layinmu yake sauka, hawa huɗu, da ɗinki a jikinsa, lif ɗinmu kuwa ya fi shekara a mace. Don ya rage saukar sai ya rage shan ruwa. Gorar da nake ajiye masa da safe, da la'asar nake ɗauke ta kusan a cike.

Anti, ta ina zan fara? Ni ko sunansa ba na faɗa, a durƙushe nake gaishe shi. Maigidana kuma ɗan fari ne, hirarsa da Baba ba ta wuce gaisuwa da maganar magani. Na gaya masa, ya ce zai duba, yau kwana biyar yana dubawa. Na roƙi Madam Dalia a canza sifon ɗin, ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, na zamani yoyo suke yi. Wallahi tsoro nake ji. Bawan Allah ya zo neman lafiya, kada a gidana ciwonsa ya dawo saboda mariƙin masai.

Taki, Suruka daga Giza

Wa alaikumus salam 'yata. Ban yi dariya ba. A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na Zariya na girma, irinsa ne a gidanmu, kuma na ga manyan baƙi sun fito daga ciki suna gumi.

Ga yadda yake aiki. A cikin tankin akwai bututu da ya hau sama ya wuce tsayin ruwan, ya lanƙwasa, sannan ya gangara. A bakinsa akwai faifai da aka shimfiɗa wa siririyar roba. In kin danna mariƙi, faifan ne ke ɗaga ruwa ya haye lanƙwasar. Da ya haye, sauran ruwan sai ya bi da kansa, kamar yadda direba ke zuƙo fetur da tiyo. Shi ya sa yake son dannawa ɗaya, da ƙarfi, da sauri, kuma sai tanki ya cika. In aka lallaɓa shi ruwan komawa yake yi. Baba kuwa gudun ɓata kayan mutane ne ke sa shi lallaɓawa. Dannawa huɗun da kike yi yanzu alama ce robar ta yage.

Madam Dalia tana da gaskiyarta. Irin wannan ba ya yoyo, don ruwa ba ya hawa lanƙwasar sai an tura shi. Ki bar mata abinta, robar kawai za a sauya, aikin da bai kai awa ba. Ki kuma riƙa ajiye cikakken bokiti a ciki saboda ɗauke ruwa.

Kunyarku ba zan ce ku yar da ita ba, mutuncin nan Baba ke karewa da yake bin matattakala. Amma ƙoda ba za ta jira ku ba. Yau ɗin nan maigidanki ya kira likita ya gaya masa, likita ya yi wa Baba faɗan da ku ba za ku iya ba. Gobe ku kira mai gyaran famfo lokacin da Baba ke zaune a falo, ku bar ƙofar banɗaki a buɗe. In ya gama, maigidanki ya tsaya ya koya miki dannawa, da Hausa, yana ɗaga murya, har da ɗan faɗa cewa ke ce kika kasa ganewa tun da kuka tare. Ki gwada ki kasa, ki sake gwadawa, a ji ruwa ya sauka. Kada ɗayanku ya waiwayi falo.

Na san za ki ji zafi a kira ki wadda ba ta iya ba, alhali kin fi kowa iyawa a gidan. Ki haɗiye. Tsoho zai ji komai, zai gane abin da kika yi masa, kuma ba zai taɓa ambata ba. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya mayar da shi gida da ƙafarsa, ke kuma in girma ya zo miki, Ya ba ki surukar da za ta rufa miki asiri haka.

Anti Zulaihatu