Muryar Mma Tana Cikin Wayar da Ta Fashe

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Fati da yara. Yaya garin Bawku, yaya kasuwa? Yaya ƙarin haƙurinmu na rashin mahaifiyarmu Mma? Allah ya jiƙanta.

Na yi ta kiran lambarka ba ta shiga, shi ya sa na ba direban motar doya wannan takarda daga Salaga.

Yaya, wayar Mma ta suɓuce mini ranar kasuwa, babur ya taka ta. Tana kawo haske, amma duk inda na taɓa ba ta amsawa. Hotunanta suna ciki, da muryarta, har da addu'ar da ta yi wa jikokinta tana kwance a Yendi. Ba mu da su a ko'ina sai a cikinta.

Mai gyara ya ce zai jona mata linzamin kwamfuta ya kwashe komai zuwa tawa, amma sai an san zanen da ake buɗe ta da shi. Da ya jona linzamin, na gwada zanen da nake zato, ta ƙi. Sai ya ce, "Hajiya, dakata. In ta kulle gaba ɗaya, sai dai a goge komai."

Kai ka saka mata zanen nan. Don Allah ka zauna ka tuna, ka zana shi a bayan takardar nan, ka ba direban. Batirin ya fara kumbura. Ni kuwa, Yaya, na fara manta yadda take kiran sunana.

Ka gai da kowa. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Salamatu