Inna, zomanyarki ta gaji da haihuwa

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan rahamar Ubangiji tana tare da ke a makwancinki, Inna, labarin Ɗigo na kawo miki, zomanyar nan mai tabo a kunne da kika bar mini. A cikin zomayenki ita kaɗai ta rage, kuma kwanakin nan sai da na cire rai da ita.

Kin tuna ta a gidanmu na Unguwar Shanu, shekarar da aka bar sule da fam. 'Ya'ya bakwai take haifa, wani lokaci takwas, har maƙwabta suna yi miki tsiya wai kin fi mai kaji arziki. Ke kuma ki ce su bari, baki ma yana kashe kiwo.

Yanzu ta tsufa. Haihuwar bara uku ta yi, ta bana biyu. Ta tsige gashin ƙirjinta ta yi shimfiɗa mai faɗi kamar da, sai ga 'ya'ya biyun kamar sun ɓace a tsakiyarta. Na daɗe a tsugune gaban akurkin, tausayi ya hana ni tashi.

Ke ba kya haɗa ta da namiji sai ta yaye, ta huta, ta mai da jiki. Kullum cewa kike, “Kwanika ba ta yi wa mace kyau ba, balle dabbar da ba ta da bakin cewa ta gaji.” Mu muna dariya, wai Inna tana yi wa zomanya jego.

Surukinki, Baban Sa'adu, bai san wannan ba. Kin san shi, in aka zo kan mota a bar masa, amma kiwo sai dai ya ci nama. Ya yi wa abokansa na tasha alkawarin 'ya'ya, ga su biyu kacal. Wani ya gaya masa zomanya ta fi saurin ɗaukar ciki da ɗanyen jego, kuma a ganinsa abin da aka rasa a yawa sai a cike shi da sauri. Ran da na tafi suna Abakpa ya ɗauke ta daga kan jariranta ya kai wa namijin. Da na dawo har yana yi mini albishir.

Ta ɗauka kuwa. Nono ya ja baya, biyun nan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Da wata ya cika ta haifi guda ɗaya, shi ma ba rai. Daga nan ta kwanta, ta daina kallon dusa, ƙashin bayanta ya fito kamar na tsohuwar jaka. Baban Sa'adu ya ce a sa wuƙa kafin ta zama mushe. Ba mugunta ba ce, Inna, shi ma jikinsa ya yi sanyi.

Ban yi musu ba, ba ni da ƙarfinsa. Na goya Sa'adu, na sa namijin a kwando, na taka har Rafin Guza na ba ƙanwarki Gwaggo Ladi kyauta. Da na dawo gida Baban Sa'adu ya tambayi amfanin zomanyar da ba za ta ƙara haihuwa ba, na ce ta gama nata, yanzu ci da kwanciya ne aikinta.

Jiya da hantsi ta ja ganyen dankali daga hannuna. Na yi murna, sai kuma na ji hawaye, don wallahi hutun nan nata ya ba ni sha'awa. Da kina nan, duk haihuwa kina ɗauke ni zuwa gida wanka, ki yi ta ƙirƙiro dalilin riƙe ni har yaro ya yi ƙwari. Wannan karon arba'in na yi a ɗakina. Sa'adu ko rarrafe bai iya ba, ga shi na fara jin ƙamshin miya yana tayar mini da zuciya. Ciki na shida ke nan, kuma ban gaya wa kowa ba sai ke.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya hutar da ke hutun da kika riƙa nema wa wasu. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin sauke abin da na ɗauka.

Taki har kullum,
Hajara