Yaɓen Zauren Baba

Litinin, 8 ga Maris, 1976

Masu tsara gari sun amsa roƙona. Sun zagaye unguwarmu da jan layi a taswirar Kankia: ba rushewa, ba bulo, ba kwano. Zauren Baba ya tsira daga titi, da rufinsa na ɗaurin guga da komai. Na karanta wa Inno dokar, na fassara. Ta ce, to dokar ce za ta zo yaɓe?

Asabar, 17 ga Afrilu

Maƙwabcina Ashafa ya tashi. Ya samu kwangila, yana son siminti, ni kuma na sa an hana shi a gidan ubansa. Ya koma sabon awo, hanyar Kusada. Da yana ɗaure kaya ya ce mini, "Malam, a gaida tarihi." Na yi dariya. Gida na huɗu ke nan da ya tashi daga unguwar.

Juma'a, 14 ga Mayu

Tun ina yaro, kafin ruwa ya sauka unguwa ke haɗuwa a kwaɓa ƙasa, a bi gida gida ana yaɓe, mata na dama fura. Bana matata Rahamatu ta dama furar gayya guda. Dabo magini kaɗai ya zo, da gwiwarsa mai ciwo. Ya dubi rufin ya ce sai mutum goma. Muka shafe inda hannu ya kai. Furar ta yi tsami.

Duk littattafan da na karanta kan adana tsofaffin birane, babu wanda ya faɗi wa ke hawa tsani.

Talata, 20 ga Yuli

Yoyo. Ƙwarya uku a zaure.

Laraba, 11 ga Agusta

Zauren ya faɗi da hantsi, ana tsakar ruwa. Ba kowa ciki, alhamdu lillahi. Inno ta daɗe tsaye kan ƙasar, ta tono allon Baba, ta goge da gefen zanenta. Ta koma ɗakinta da shi. Da ta yi faɗa ma.

Doka dai ba a karya ta ba. Ba wanda ya rushe shi.

Lahadi, 10 ga Oktoba

Na je gaida Ashafa, gaisuwa kawai. Ɗakinsa zafi kamar tanda, na kuwa gaya masa. Akwai fili a bayansa, da bishiyar bedi ɗaya. Na taka shi, don miƙe ƙafa. Inno na son ɗakinta ya dubi gabas.