Tallafin Waɗanda Suka Rufe

Yaya,

Ina gaishe ku da kyau. Ya ƙafar Inna, ya yara?

Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu. Tallafin gwamnatin nan na farfaɗo da sana'a ne bai samu ba. Sau uku ina bin layi, sai jiya na kai gaban ma'aikaciyar. Ta duba takarduna ta ce, “Malam, ai shagonka bai taɓa rufewa ba. Tallafin na waɗanda suka rufe wata shida ne.”

Na ce mata keken ɗinki biyu na sayar don kada in sallami telolina, duk masu iyali ne. Ta ce ta tausaya, amma fom ɗin ba shi da gurbin wannan.

Maƙwabcina mai aski da ya kulle ya yi tafiyarsa, an ba shi, har ya yi fenti. Wallahi ban yi masa hassada ba.

Ranar Asabar nake rufe nawa, ga shi an daina karɓar takardu. Har yanzu na rasa bakin faɗa wa telolin.

Kada Inna ta ji. Ka ce mata aiki na tafiya, ta ci gaba da sa mini albarka.

Ƙaninka