Saƙon da Baba ya ba ka a bakin Bugaz

Baltim, ƙarshen kaka.

Zuwa ga yayana Mitwalli,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Hanan da yara, ya kuma tsare ka daga sanyin tekun Girka da ka ce yana ratsa ƙashi. Mu nan sai godiya. Ƙanwarmu Sa'adiyya ta sauka lafiya a Dumyat, an samu mace, an mayar da sunan Inna, Allah ya jiƙanta. Baffa Garib, abokin aikin Baba, yana nan da tarinsa da bakinsa, ban san wanda zai fara barinsa cikin biyun ba. Ni kuwa tun rasuwar matata Zakiyya, daga ni sai Baba a gidan, in ka ji motsi na uku to mage ce.

A waya ba a dogon zance, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Jikin Baba da sauƙi, yana ci yana sha. Tunanin ne ya tafi. Tun bayan ƙaramar salla bai kira sunana ba. Ni ke masa wanka, ni ke cire masa ƙayar kifi, amma in na shigo da shayi sai ya ce sannu da zuwa Mitwalli, yaushe a gari? Da farko nakan ce Dasuki ne, Baba. Sai ya dube ni kamar wanda ya ɓata hanya a kasuwa, ya yi tagumi, har abincin ya ƙi ci. Sai na daina. Yanzu sunanka nake amsawa, kuma abin yana cin raina. Ba ƙyashi ba ne, Yaya. So nake ya dube ni ya san ni, ko sau ɗaya, kafin ta Allah ta kasance.

Baffa Garib ne ya kawo shawara. Wai mutumin da ya tsufa a kan tafki an jingine shi a ɗaki kamar buhun shinkafa, ba dole ya manta 'ya'yansa ba? A mayar da shi ruwa, in ya ga jirginsa zai ga ɗansa. Na san maganar tsofaffi ce, amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Muka liƙe jirgin da kwalta, na ɗinke ƙyallen iska inda ɓera ya ci, muka ɗauki gurasa da dabino da kayan shayi, muka tashi mu uku muka nufi yamma, kamar yadda muke yi da kai bayan an gama girbin dabino.

Da za ka ga Baba, da ka yi kuka. Iska na cika ƙyallen ya miƙe zaune, ya ture hannuna daga sandar tuƙi ya riƙe abinsa. Muka bi ta bayan tudun yashi, muna jin rurin teku a ɗaya gefen ba ma ganinta. Tafkin ya sake, ciyawar kacala ta cinye hanyoyi da yawa, masu kiwon kifi sun kakkafa shinge, masu jiragen inji suna wuce mu ko sallama babu. Duk da haka bai ɓata ba. Kowane tsibiri sai ya kira sunansa. Ya daka wa Baffa Garib tsawa, wai tsohon banza, shekara nawa yana jan igiya har yau bai iya ɗaure ta ba. Baffa ya washe bakin nan da babu haƙori, ya ce mini ka gani ko, ya gane ni, dama zagina ne abin da zai manta a ƙarshe. Na yi dariya, zuciyata kuwa tana cewa saura ni.

Da rana ta take iska ta ɗauke. Ka san wanda ke shiga ruwa ya ja jirgi tun muna yara, kai kana zaune gefen Baba kana koyon tuƙi. Na tuɓe na sauka, ruwa iya ƙirji, taɓo na riƙe ƙafata, na saɓa igiya a kafaɗa. Na ce a raina, ko bai san fuskata ba ai ya san bayan nan, ya fi kowa kallonsa. Na yi ta ja, ba kowa a sararin ruwan sai balbelu. Can na ji muryarsa, wai ja da ƙarfi Mitwalli, zaman Turai ya kashe maka jiki. Ban waiwaya ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ga mahaifina a bayana da tsawon igiya kawai.

A hanyar dawowa ne abin da ya sa na rubuto maka ya faru. Da la'asar muka iso bakin Bugaz, inda ruwan teku ke turowa cikin tafki yana juya jirgi. Ka san Baba bai taɓa sakar wa kowa sanda a wurin nan ba, ka kuma san abin da ake nufi in shugaban jirgi ya sake ta gaban shaida. Ya kira Baffa Garib ya ce ya zo ya gani. Ya kama hannuna ya ɗora a kan sandar, ya janye nasa ya ɗora a cinya. Ya ce daga yau jirgi na Mitwalli ne. Baffa ya buɗe baki zai yi magana, na girgiza masa kai. Na tsallakar da mu.

Da muka shiga ruwa mai kwanciya, Baba ya matso ya rage murya kamar mai gudun a ji. Ya ce gara da na dawo, don Dasuki ya gaji. Ya ce yaron nan shi kaɗai ke ɗauke da shi, ga matarsa ta rasu, kuma ba ya faɗa, tun yana ƙarami in abu ya dame shi sai dai ya shiga ruwa ya ja jirgi. Ya ce in karɓe shi ya huta, in riƙa zama da shi ana hira, kada in bar shi yana cin abinci shi ɗaya. Ya sa na yi masa alkawari. Na ce na yi, Baba. Baffa Garib ya juya baya, wai hayaƙin shayi ya shiga idonsa, alhali ba mu hura wuta ba.

To Yaya, ashe bai manta ni ba, ganina ne ba ya yi. Saƙon naka ne, hannuna kawai ya biyo, kuma amana ba ta kwana wurin ɗan aike. Da bakina na ɗauki alkawari da sunanka, ni kuwa ba zan iya cika shi ba. Na san aikinku ba a barinsa da sauƙi. Amma ka zo kafin sanyi ya shiga, ko na wata ɗaya ne. Wataƙila in ya gan ka zaune, ya waiwaya ya ga wanda ke tsaye da shayi.

Ka gaida Hanan, ka shafa mini kan Awad da Nabila. Sa'adiyya da mijinta suna gaisuwa. Baffa Garib ya ce a gaishe ka, wai ka taho masa da maganin tari na Turawa. Baba bai ba da gaisuwa ba, don a wurinsa kana nan.

Ƙaninka mai jiranka,
Dasuki